Tarihin Daddawa da 'Yan'uwanta

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Shuwarin, wadda ke kusa da Dutse, ya san ba ya bukatar ɗan jagora zuwa wurin masu daddawa, gama hancinsa ya ishe shi. Tun daga nesa zai fara jin ta, kafin ya hangi tsofaffin mata zaune a layi, kowace da ƙwaryarta ko faifanta a gaba, an jera daddawa baƙa wuluk. A nan ne mutane su kan rabu kashi biyu. Wani in ya iso sai ya rage tafiya, ya ce ƙanshi ya ke ji, ya tuna da miyar kukar gidansu. Wani kuwa sai ya kai hannun riga ga hanci, ya ƙara sauri, ya ce wari ne. Kowannensu a kan gaskiyarsa ya ke, ba kuwa mai iya ciwo kan ɗan'uwansa.

Wannan gardama ba a ƙasar Hausa kaɗai a ke yin ta ba. Mutanen Ingila suna da wani baƙin abu mai kauri da su ke shafa wa burodi, wanda ya raba su kamar yadda daddawa ta raba mutanen Shuwarin. Haka mutanen Ostareliya, haka na Japan. Wanda ya bi tarihin waɗannan abubuwa zai ga dukansu dangi ne, zai kuma ga so da ƙin da a ke yi musu sabo ne ya haife su. Amma game da daddawa maganar ta wuce ta hanci, domin akwai itace, da sana'a, da abincin talaka a cikinta.

Itacen Ɗorawa

Asalin daddawa daga ɗorawa ne. Ɗorawa babban itace ne mai faɗin inuwa, wanda ya kan kai ƙafa sittin, ya kan kuma daɗe ƙwarai, har jika ya ci 'ya'yan itacen da kakansa ya tarar a gona. Ba ta saurin haihuwa, sai ta yi shekara bakwai ko takwas ko fiye kafin ta fara. Da rani ta ke fure, furen nan ja ne, dunƙulalle, yana reto kamar tuntun hula, shi a ke kira tutu. Da dare jemagu su kan zo shan ruwan zaƙinsa, su ne kuwa ke kai garin fure daga wannan itace zuwa wancan, ta haka ɗorawa ke samun 'ya'ya. Ɗanyun 'ya'yan su ne garda. In sun nuna, cikin bazara, sai a sa ƙugiya a kaɗo su.

Babu abin yarwa a jikin 'ya'yan ɗorawa. Garin nan rawaya mai zaƙi da ke ciki, yara su kan sha, manya su kan dama. Yana kuwa zuwa daidai lokacin da hatsi ya ja baya a rumbu, sabon bai zo ba, saboda haka ya sha tsare mutane daga yunwa. Ɓawon kuma a jiƙa shi a sami makuba, wadda a ke yayyafa wa daɓe da bango don su yi ƙarfi. Ƙwayar da ke tsakiyar garin ita ce kalwa, ita ce kuwa uwar daddawa.

Saboda wannan amfani mai yawa, manomin da ba ya sare ɗorawa in yana sharar gona. Ya kan bar ta tare da gawo, da tsamiya, da kuka, da kanya. A wurare da yawa itacen yana da mai shi daban, har a kan sayar da gona a bar itace a hannun mai shi na farko, a kan kuma lissafa shi cikin gado. Akwai unguwa a yammacin birnin Kano da a ke kira Ɗorayi, watau jam'in ɗorawa, sunan kaɗai ya isa shaida a kan darajarta.

Ƙasar Dutse tana daidai inda ɗorawa ta fara ja da baya. Itacen yana son ruwa fiye da yadda gawo ko aduwa ke so, don haka ya fi yawa ta kudu, wajen Birnin Kudu da Gwaram. In aka nausa arewa ta Jahun, aka haye kogin Haɗejiya aka doshi Gumel da Maigatari, sai ya riƙa ƙaranci. Wannan ne ya sa mutanen wannan yanki suka san daddawa iri biyu, kamar yadda za a gani.

Yadda A Ke Yin Ta

Yin daddawa sana'ar mata ce, aiki ne kuwa na masu haƙuri. Kalwa tauri gare ta kamar tsakuwa, ba mai iya cin ta ɗanya. Sai a zuba ta a babbar tukunya, a yi ta iza wuta wuni guda, wani lokaci har a kwana, sai ɓawonta ya yi laushi. Sa'an nan a juye a turmi a surfa, waɗansu su kan sa ɗan yashi ko toka don ɓawon ya fita da sauri. A kai ta ga ruwa a wanke, a rege, ɓawo ya taso a zubar. A sake mai da ita wuta ta dahu sosai. Bayan haka a tsane ta, a zuba a kwando ko ƙwarya tun tana da zafi, a lulluɓe da ganye da buhu, a kai ɗaki a ajiye kwana biyu ko uku. Ran da za a buɗe, maƙwabta ba su bukatar a gaya musu. Za a tarar ta yi laushi, ta yi duhu, tana yauƙi. Sai a kirɓa ta, a cura, a faɗaɗa da tafin hannu, a shanya a rana har ta bushe. In ta bushe da kyau ta kan yi watanni ba ta lalace ba.

Daddawa ta biyu ita ce ta batso. Ita ba da kalwa a ke yin ta ba, da 'ya'yan yakuwa ne, watau gurguzu. Tun da ya ke yakuwa da zoɓo suna yi ƙwarai a jigawa mai yashi, inda ɗorawa ba ta da yawa, batso ta zama daddawar mutanen arewa, har cikin ƙasar Damagaram da Maraɗi. Ta fi ta kalwa araha, ta kuma fi ta ƙarfi a hanci. Abin mamaki, a cikin masu son daddawa ma akwai rabuwa, gama sau da yawa mai cin ta kalwa ya kan raina mai cin ta batso, ya ce shi ba ya iya jure warinta. A irin wannan ne Hausawa su kan kawo karin maganar nan ta daddawa mai gaya wa manda baƙi, alhali kuwa dukansu baƙaƙe ne.

Matan da suka gaji wannan aiki sun san hannunsa sarai tun kafin masana su san dalilinsa. Sai a 1981 wani malami na Jami'ar Ibadan, S. A. Odunfa, ya bayyana irin ƙananan halittun da ke yin aikin a cikin kwando. Halittu ne da ido ba ya gani sai da madubin likita, babbansu shi ne wanda masana ke kira Bacillus subtilis. Su ne ke narkar da ƙwayar kalwa har ciki ya iya sarrafa ta, su ne kuma ke ta da warin nan. Ashe lulluɓewar da mata ke yi da buhu, ɗumi su ke tsare wa waɗannan halittu don su yi aikinsu.

Shaidar Matafiya

Tun da daɗewa Dutse tana kan hanyar fatauci. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, shi ne ya buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, shi ne kuma sarkin Kano na farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse. Ta irin waɗannan hanyoyi gishiri da kanwa su ke fitowa daga arewa da gabas, goro ya fito daga yamma. Daddawa kuwa kaya ce da ta dace da matafiyi, ba ta da nauyi, ba ta saurin lalacewa, kaɗan daga cikinta ya isa tukunya. Har yau a ƙasar Gana dawadawa a ke kiranta, sunan da ya bi sawun fataken Hausa masu zuwa Salaga sayen goro. Sauran al'ummu kuma kowa da sunan da ya ba ta. Yarabawa suna ce mata iru, mutanen Mali sumbala, mutanen Senegal kuwa netetu.

Turawan farko da suka ratso ƙasashen nan sun lura da itacen. Mungo Park, wanda ya fara tafiyarsa a 1795, ya kuma hallaka a Busa a tafiyarsa ta biyu, ya ambaci yadda mutane ke cin garinsa. Bayansa sai Kyaftin Clapperton, wanda a ke kira Abdullahi. Shi ya taso daga Kukawa ta Barno, ya biyo ta Katagum, ya ratsa ƙasar da ta zama Jihar Jigawa yanzu, ya shiga Kano cikin Janairu 1824, sa'an nan ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da ya koma Ingila ya ba da labarin yadda a ke ruɓar da ƙwayar a cura ta, ya kuma yaba ta, ya ce tana gyara kowane irin abinci. Wani masanin itatuwa mai suna Robert Brown ya buga wannan bayani a 1826, ya kuma raɗa wa dangin itacen suna Parkia don tunawa da Mungo Park. Da wannan suna masana na duniya duka su ke kiran ɗorawa har yanzu.

Shi ma Dokta Barth, Bajamushen nan da a ke kira Abdulkarim, wanda ya iso Kano cikin Fabrairu 1851, ya kuma fita ta Gumel zuwa Barno, ya rubuta labarin daddawa cikin kayan da ya gani ana ciniki a kasuwanni. Saboda haka a fili ya ke, kafin Turawa su ci Kano a 1903, daddawa ta riga ta zama tsohuwar sana'a mai kasuwa, wadda ke tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa.

'Yar'uwarta ta Ingila

A daidai lokacin da Turawan Ingila ke shirin shigowa Kano, a can gida kuma ana haihuwar tasu daddawar. Akwai wani gari a tsakiyar Ingila mai suna Burton, wanda ya yi suna wajen dafa giya. Masu wannan aiki suna amfani da yis, watau abin nan da masu burodi ke sa wa ƙulli don ya tashi. In an gama dahuwa, yis mai yawa ya kan rage, ba a san abin da za a yi da shi ba. Wani masani Bajamushe, Justus von Liebig, ya riga ya nuna ana iya sarrafa shi ya zama abin ci. To, a 1902 aka kafa kamfani a Burton don wannan aiki. A kan sa wa yis gishiri da zafi har ya narke, a tace, a yi ta dafa ruwan har ya yi kauri ya yi duhu kamar maɗi. Suka sa masa suna Marmite, sunan wata tukunyar Faransawa, hoton tukunyar yana jikin kwalbar har yau.

Da fari abin ƙara wa miya daɗi ne da shafa wa burodi kurum. Amma da likitoci suka gano bitamin, wajen 1912, sai aka ga ashe yana ɗauke da su da yawa. Aka sa shi cikin guzurin soja a Yaƙin Duniya na Farko. Wata likita kuma, Lucy Wills, ta tafi birnin Bombay na Indiya a 1928 don binciken wani ciwon ƙarancin jini da ke kashe mata masu ciki, yawancinsu matalauta. Bayan gwaje-gwaje ta tarar in an ba su Marmite suna warkewa, ta buga labarin a 1931. Binciken nan nata ne ya kai ga gano bitamin ɗin da a ke kira folik asid, wanda a ke ba mata masu ciki a asibitocin awo har a Dutse da Jahun.

Mutanen Ostareliya, da yaƙi ya hana Marmite isa gare su, sai suka nemi nasu. Wani mai kamfani a Melbourne, Fred Walker, ya sa wani masani, Cyril Callister, ya haɗa masa irinsa, aka fara sayarwa a 1923 da sunan Vegemite. Mutane ba su karɓe shi nan da nan ba, har aka sake masa suna a 1928, aka kuma mai da masa na farko a 1935. Sai da aka sa shi cikin guzurin sojansu a Yaƙin Duniya na Biyu, iyaye mata kuma suka riƙa ba 'ya'yansu tun suna ƙanana, sa'an nan ya kafu. Waɗannan yara da suka girma suka ɗauke shi abin tinƙaho na ƙasarsu, baƙo kuwa in ya ɗanɗana sau da yawa sai ya yamutsa fuska.

A Ingila rabuwar mutane a kan Marmite ta yi ƙarfi har masu yin sa suka daina ɓoye ta. Tun daga 1996 suka mai da ita talla, suna cewa mutum ko dai ya so shi ko ya ƙi shi. Yanzu in Bature yana so ya kwatanta mutumin da jama'a suka rabu biyu a kansa, sai ya kira shi da sunan wannan abu. A ƙasar New Zealand kuwa, inda su ke yin nasu irin, girgizar ƙasa ta 2011 ta sa aka rufe masana'antar da ke Christchurch, abin ya yanke a kantuna cikin 2012, masu sonsa suka yi ta cigiya kamar an yi fari, bai dawo ba sai a 2013.

Abin da Harshe Ke Nema

Mai karatu zai so ya san abin da ya haɗa ƙwayar ɗorawa ta Birnin Kudu da yis na Burton. Amsar daga Japan ta fito. A 1908 wani malami na jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tsaya yana tunani a kan romon wani ganyen teku da mutanensu ke sha. Ya ga daɗinsa ba zaƙi ba ne, ba tsami ba, ba ɗaci ba, ba kuma gishiri ba. Ya yi ta tacewa har ya fid da abin da ke kawo wannan daɗi, shi ne a ke kira gulutamet. Shi ne daɗin da a ke ji a romon nama, da busasshen kifi, da nunannen tumatir. Yana ɓoye a cikin furotin, watau abin nan da ke gina tsokar jiki, ba ya kuwa fitowa sosai sai an narkar da furotin ɗin ta dogon dahuwa ko ta ruɓarwa. Abin da ke faruwa cikin kwandon kalwa ke nan, shi ne kuma ke faruwa cikin tukunyar Marmite. Su ma mutanen Japan suna da wani abinci na waken suya mai yauƙi da wari, natto, wanda halittar nan guda da ke yin daddawa ke yi, su ma kuwa sun rabu a kansa.

Ashe harshen 'yan Adam duka abu guda ya ke nema. Inda a ke rabuwa shi ne a hanci. Allah ya halicci mutum da gudun warin ruɓa, don ya tsare shi daga cin abin da zai cuce shi. Amma yaron da aka yaye da miyar daddawa, hancinsa ya koyi cewa wannan wari na musamman abinci ne ke biye da shi, sai ya zame masa ƙanshi. Wanda bai koya da ƙuruciya ba, da wuya ya koya da girma. Baturen da ya toshe hanci a layin masu daddawa, ya koma gida ya buɗe cukunsu mai tsufa yana murna, da Bahaushen da ya ɗanɗana Marmite ya tofar, ya koma ga miyar batso, duk jirgi ɗaya ya ɗauko su. Gaskiyar Hausawa da suka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Zuwan Dunƙule

Da zarar an san abin da harshe ke nema, sai 'yan kasuwa suka ga ana iya sayar da daɗin ba tare da warin ba. A 1909 aka fara sayar da abin da Ikeda ya gano da sunan Ajinomoto, shi ne Hausawa ke kira farin magi. A ƙasar Suwizalan kuma akwai Julius Maggi, ɗan mai injin niƙa, wanda ya fito da ruwan ɗanɗano na kwalba a 1886, kamfaninsa ya kuma fito da na dunƙule a 1908. Kamfanin ya haɗe da Nestlé a 1947. Cikin shekarun 1960 dunƙulen ya fara yaɗuwa a Nijeriya, da kuɗin man fetur suka zo cikin shekarun 1970, aka yi tituna, rediyo ya yi ta talla, sai ya kai har teburin mai kayan miya na ƙauye. Sunan mutumin nan na Suwizalan ya zama kalmar Hausa, kowane irin dunƙule magi a ke ce masa.

Ba abin mamaki ba ne da mata suka karɓe shi. Ba ya bukatar itacen wuta, ba daka, ba shanya, ba ya wari a ɗaki, ana kuma sayen ƙwaya ɗaya. A daidai wannan zamani kuma ɗorawa ta shiga wahala. Farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun kashe itatuwa da yawa a arewa. Mutane suka ƙaru, gonaki suka matsu, masu neman itacen wuta suka sa gatari inda da ba a sawa. Tsofaffin itatuwa suna faɗuwa, ƙanana kuwa awaki da garma ba su bari su tashi. Kalwa ta yi tsada, har aka koma jiran ta daga ƙasashen da ke kudu. Mata a kudancin Kaduna suka koyi yin daddawa da waken suya, wannan dabara kuma ta bazu zuwa wurare da yawa.

Bayan wannan sai wani abu ya shigo wanda ya fi tsada ɓarna, watau kunya. Ran 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta tashi daga garin noma da dabino ta zama hedkwata, ta cika da ma'aikata da 'yan makaranta. A wurin waɗansu, warin daddawa ya zama alamar ƙauyanci, dunƙule ya zama alamar wayewa. Aka sami amaryar da ke jin nauyin a ji warin daddawa a ɗakinta, aka kuma sami tsohon da in an kawo masa tuwo ya sa loma ɗaya sai ya ture, ya ce wannan miya ba ta da uwa. Gardamar da ta ke ta hanci ta koma ta tsakanin tsara da tsara.

Duk da haka daddawa ba ta mutu ba. Su kansu masu kamfani sun ga haka, har kamfanin Cadbury na Nijeriya ya fito da dunƙule mai suna Dadawa cikin shekarun 1990. Yawancin gidaje sun daidaita a kan haɗa biyun cikin tukunya guda. Miyar kuka da ta karkashi da ta busasshiyar kuɓewa har yanzu ba su cika sai da ita, maijego kuma har yanzu a kan daka mata yajin daddawa. Waɗansu mata suna daka ta da citta da kanumfari da masoro, su zuba a kwalba su sayar, ta haka warin ya ragu, ta shiga gidajen da da suka kore ta.

Awon Riba da Hasara

In za a yi adalci, sai a auna kowanne da abin da ya ke ɗauke da shi. Dunƙule yana da sauƙi da tsabta, masu yin Maggi kuma suna sa masa gishiri mai aidin, wanda ke maganin maƙoƙo, tun 2012 suka ƙara masa sinadarin ƙarfe mai taimakon jini. Amma wajen rabin nauyin dunƙule gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya, domin yawansa yana jawo hawan jini. Mai dafuwar da ta jefa dunƙule huɗu, ta bi da farin magi, ta kuma barbaɗa gishiri, ta wuce iyaka ba ta sani ba.

Daddawa kuwa abinci ce ita kanta. Wajen kashi ɗaya cikin uku na busasshiyar daddawa furotin ne, akwai kuma mai da yawa da bitamin a cikinta. A gidan mai hali, inda nama ke shiga tukunya kullum, wannan ba wani abu ba ne. Amma a gidan talakan da ba ya ganin nama sai ran kasuwa ko ran salla, ɗan abin da daddawa ke ƙara wa tuwon dawa kowane dare yana da amfani ga yara masu tasowa. In aka fid da ita aka sa dunƙule kaɗai, harshe zai ji kamar an ci nama, jiki kuwa bai sami kome ba. Banda wannan, kuɗin daddawa a gida su ke tsayawa. Suna zuwa ga mai itace, da mai kaɗo 'ya'ya, da mai itacen wuta, da gwauruwar da ke ciyar da marayu da tukunyarta.

Ba a tilasta wa kowa son abin da hancinsa ya ƙi, ba kuwa laifi ba ne mutum ya ƙi daddawa, kamar yadda ba laifi ba ne Bature ya ƙi Marmite. Abin lura shi ne, mutanen Ingila da na Ostareliya da na Japan, duk da rabuwarsu a kan nasu, ba su ɗauke shi abin kunya ba. Sun bincike shi, sun gyara shi, sun zuba shi a kwalba, suna kai shi ƙasashen duniya. Nasu na Ingila bai wuce shekara 125 ba, daddawa kuwa ta riga shi da nisa.

Saboda haka wanda ya gaji ɗorawa a gonarsa, ya kamata ya yi tunani kafin ya kira mai gatari. Wanda kuma ya ga 'yar ƙarama ta tsiro a kan iyaka, ya kewaye ta da ƙaya har ta fi ƙarfin akuya. Shekara takwas ba ta da yawa ga itacen da zai ciyar da jikoki. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma a ke magani. Allah ya sa a gane amfaninta tun itatuwan suna tsaye.